An sa wa laftof Linux, sifika ta yi shiru: laifin wa ne?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 da facin tsaro na yau da kullum. Ya bar ƙofa guda ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, ita ma ta ɗan lokaci ce. Windows 11 kuwa da sharuɗɗanta ta zo: sai kwamfuta tana da cif ɗin tsaro na TPM 2.0, kuma in furosesarta ta Intel ce, sai ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Laftof ɗin tokumbo da yawa da ke hannun ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da na masu shagon buga takardu a Daura, sun girmi wannan shekara. Shi ya sa shawarar "a sa mata Linux kawai" ta fara yawo.

Shawarar ba ta da laifi. Abin da ke biyo bayanta ne ke ɗaure wa mutane kai. Sai ka ga ɗalibai biyu sun kai laftof shago guda, kamfani ɗaya, launi ɗaya, an ɗora musu Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filash ɗaya. Ta farko ta tashi komai na aiki. Ta biyu ta tashi, amma sifika shiru: in an soka iyafis sauti ya fito, in an zare ya ɗauke. Washegari mai ita ta dawo.

"Malam, wallahi da Windows lahiya lau take magana. Ko dai an taɓa wani abu a ciki?"

"Ko kusa ɗaya ba a kwance ba, ƙanwata. Sifikarki ƙalau take. Ita na'urar ce ba ta gaya wa Linux ainihin inda sifikar take ba."

Amsar mai gyaran daidai ce, kuma a cikinta duk maganar take.

Kanel, direba da BIOS

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da ƙarfe. Shi ke raba wa manhajoji lokacin furosesa da wurin ajiya, shi ke kunna kibod da sikirin da katin Wi-Fi. Windows tana da nata. Linux kuwa a asali sunan kanel ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Ubuntu da Mint da Debian da Fedora riguna ne da aka ɗinka a kansa, haka ma Android da ke cikin wayoyinmu.

Direba ƙaramar manhaja ce da ta iya yaren na'ura guda, kamar katin sauti ko kamara. BIOS kuma manhaja ce da kamfani ya rubuta a cikin wani cif a jikin allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. Ita ke fara tashi in an danna makunni, ta shirya kayan, sannan ta miƙa wa kanel ragama tare da bayanin abin da ke cikin gidan. Na zamani sunanta UEFI, amma a shago har yau BIOS ake cewa.

Saura kalma ta huɗu, wadda ita ce batunmu: bauɗiya. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar haya daga Katsina zuwa Daura ya san kowace da halinta. Wata ƙofarta ta waje kaɗai ake buɗewa, wata sai an taka totur sau biyu take tashi. Ba a littafin kamfani aka rubuta wannan ba, mai motar ne ya sani. Na'urorin kwamfuta haka suke: akwai ƙa'idar da aka rubuta, akwai kuma yadda wata na'ura ta bauɗe mata. Abin da kanel ke yi shi ne ajiye jerin togaciya, wato "duk na'ura a bi da ita bisa ƙa'ida, ban da wannan, ita ga yadda za a lallaɓa ta." A cikin kanel ɗin Linux akwai fayiloli sukutum da ba su da wani aiki sai wannan, irin su quirks.c na ɓangaren PCI, wato hanyar da kayan ciki ke haɗuwa da bod, da takwaransa na USB.

Ta yaya kanel ke sanin abin da ke cikin na'ura?

Hanya uku ce. Ta farko, na'urar ta faɗi sunanta da bakinta. Duk abin da ke kan PCI ko USB yana ɗauke da lambar kamfani da lambar samfuri. A PCI lambar Intel 8086 ce, ta Realtek 10ec, ta Broadcom 14e4. Kanel ya ji lamba, ya ɗauko direban da ya dace. Nan rigima ba ta da yawa.

Ta biyu, BIOS ta yi bayani a madadin abubuwan da ba sa iya magana: batir, fanka, makunni, murfin laftof, hasken sikirin, da yadda za a yi barci a farka. Tsarin da ake bi sunansa ACPI, wanda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Abin lura a nan shi ne ACPI ba jerin sunaye ba ne kawai. Ƙananan manhajoji ne da kamfanin laftof ya rubuta, kanel kuma ya zartar da su yadda ya same su. In marubucin ya yi kuskure, kuskuren ya shigo har ɗaka.

Ta uku ita ce ta wayoyi da ƙananan alluna masu furosesar ARM, irin su Raspberry Pi. Su yawancin kayansu ba sa faɗin suna, ba su da ACPI, don haka ake rubuta musu takardar bayani mai rassa, bishiyar na'urori: a wannan adireshi akwai kaza, wayarsa ta haɗu da kaza, yana cin wuta kaza. Dabarar ta samo asali daga Open Firmware, wanda aka yi wa ƙa'ida a 1994. Kafin 2011 kowane allon ARM da fayil ɗinsa a cikin kanel, har abin ya yi yawa Torvalds ya fito fili ya nuna ɓacin ransa a shekarar, daga nan aka karkata ga bishiyar.

Tushen matsalar

Yawancin masu ƙera laftof da Windows kaɗai suke gwada BIOS ɗinsu. In Windows ta tashi, sauti ya fito, batir ya nuna, an gama, sai kasuwa. Ko BIOS ta bi ƙa'idar ACPI sau da ƙafa ko ba ta bi ba, ba wanda zai tsaya dubawa. Ta haka ƙa'idar da ke aiki a zahiri ta zama "abin da Windows ke karɓa", ba abin da ke rubuce ba.

Akwai wata tambaya da BIOS ke yi wa kanel a ACPI, ana kiranta _OSI, ma'anarta "wace ce ke?" Tana iya tambaya: ke "Windows 2009" ce, wato Windows 7? Ke "Windows 2012" ce, wato 8? Ko "Windows 2015", wato 10? Gwargwadon amsa, sai ta bi wani reshe na umarninta. Linux yana amsa "e" ga waɗannan sunaye na Windows. In kuma aka tambaye shi ko shi "Linux" ne, tun fitowar kanel 2.6.23 a 2007 yake cewa a'a. Mai karatu na iya ganin wannan kamar yaudara, amma dalilin a bayyane yake. Lokacin da yake amsa sunansa, wasu kamfanoni sun riƙa buɗe masa reshe na daban don kauce wa wata gazawa da yake da ita a wannan shekarar. Bayan an gyara gazawar a kanel, reshen yana nan daram a BIOS, ba mai gwada shi, ya koma cutarwa. Reshen Windows shi ne wanda aka gwada, don haka bin sa ya fi aminci.

Hasken sikirin misali ne mai kyau. Daga Windows 8, Microsoft ta koma rage haske da ƙara shi ta hannun direban katin hoto, ta bar tsohuwar hanyar ACPI. Kamfanoni suka ci gaba da barin tsohuwar hanyar a BIOS ba tare da gwaji ba. Mutane suka yi ta danna maɓallin haske a Linux ba abin da ke motsi, har kanel ya koyi cewa in BIOS ta san da Windows 8, to a bi ta katin hoto. Duk da haka an sami na'urorin da wannan ma bai yi musu ba, su ma aka buɗe musu nasu jerin.

Sai maganar kuɗi. A 1994 an gano furosesar Pentium tana kuskure a wani lissafin rabawa, Intel ya yi asarar dala miliyan 475 wajen canza wa mutane. A 1997 aka gano wani aibin a Pentium, wanda ake kira F00F, da ke iya daskarar da kwamfuta gaba ɗaya. Wannan karon ba a karɓi ko ɗaya ba: masu kanel ne suka rubuta hanyar kauce masa. Duk kamfanin da ya ga bambancin waɗannan biyun ya san wacce ta fi masa sauƙi. Har yau masu ƙera cif suna fitar da takardar aibobin kayansu da lamba da lamba, kanel kuma yana bi yana toshewa.

Ba wai Windows ba ta fama da bauɗiya ba ne. Tana yi. Bambancin shi ne kamfanin laftof ne ke zuba togaciyar a cikin direban da yake bayarwa. Duk mai gyaran da ya taɓa yin fomatin ya rasa sauti har sai da ya sauko da direban wannan samfurin takamaimai, ya taɓa abin da hannunsa.

Yadda ake rubuta togaciya

Kafin a keɓe na'ura sai an gane ta. BIOS tana ɗauke da wani ɗan kati, DMI, mai sunan kamfani da samfuri da lambar bod. Togaciya takan ce: in kamfani kaza ne, samfuri kaza, to a sake kunna cif ɗin kibod bayan farkawa daga barci. A ɓangaren sauti kuma akan duba lambar da mai laftof ya liƙa wa katin: 103c ta HP ce, 1028 ta Dell, 17aa ta Lenovo.

A nan matsalar ɗalibar nan take. Cif ɗin sauti yana da ƙafafu da dama, BIOS ce ke faɗin wacce ta tafi sifika, wacce ta tafi ramin iyafis, wacce ta makirfo. In ta ce ƙafar sifika ba a haɗa ta da komai ba, kanel zai gaskata ta ya bar ƙafar a kashe. Direban Windows na kamfanin bai damu da abin da BIOS ta ce ba, don an riga an gaya masa gaskiya. Laftof ɗin ƙawarta kuwa, duk da kamar da suka yi a ido, lambar bod ɗinta daban ce: ko dai BIOS ɗinta ta faɗi daidai, ko kuma wani ya riga ya kai rahotonta an sa ta a jeri. Jerin togaciyar sauti na cif ɗin Realtek kaɗai ya ƙunshi ɗaruruwan samfura, kuma kusan kowace sabuwar fitowar kanel sai ya ƙaru.

Wani sanannen misali shi ne katin Wi-Fi na RTL8723BE, wanda ya zo a cikin laftof masu araha da yawa. Katin yana da wurin soka eriya biyu, amma wasu kamfanoni eriya ɗaya suka sa, bayanin da ke cikin katin kuma ya nuna ɗaya wurin da babu komai. Sakamakon shi ne sai ka manna laftof da wayar da ke ba ta intanet kafin ta gan ta. Maganin da aka samar shi ne zaɓin ant_sel, inda mai na'ura ke gaya wa direba ya koma eriya ta 1 ko ta 2. Larry Finger, wanda ya daɗe yana kula da direbobin Wi-Fi na Realtek a Linux a matsayin ɗan sa-kai, ya rasu a 2024. Aikin irinsa ne ke sa katin dala kaɗan ya yi aiki a hannun wanda bai taɓa jin sunansa ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne na'urori marasa suna, musamman ƙananan tablet masu araha. Da yawa an bar katin DMI ɗinsu da rubutun da ya zo da shi daga masana'anta, "Default string" ko "To Be Filled By O.E.M.", wato ba a ma cike gurbin ba. Na'urori daban-daban suna amsa suna ɗaya. Dole masu kanel su haɗa da ranar BIOS ko girman sikirin kafin su bambance su, in ba haka ba maganin wata ya zama ciwon wata.

Kuskure a wannan fage yana da tsada. A farkon 2013 wasu laftof na Samsung sun mutu murus bayan an tashe su da Linux ta hanyar UEFI. Bincike ya nuna aibin a BIOS yake, in ma'ajiyarta ta cika ba ta sake tashi, har daga Windows ana iya jawo shi. A ƙarshen 2017 kuma wani direba da aka kunna a Ubuntu 17.10 ya kulle BIOS na wasu laftof, yawancinsu na Lenovo, har Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu, ya dakatar da sauke wannan fitowar sai da aka gyara. A na farko laifin na BIOS ne, a na biyu na ɓangaren Linux.

Wa ya kamata ya gyara?

Masu ra'ayi na farko suna cewa a gyara daga tushe. BIOS ce ta yi kuskure, kamfani ya fitar da sabuwa, kowace babbar manhaja ta amfana. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma tun 2015 akwai tsarin LVFS da Dell da Lenovo da HP ke aiko da sabuwar BIOS ta cikinsa kai tsaye zuwa Linux. Raunin ra'ayin shi ne kamfani yakan daina kula da samfuri bayan 'yan shekaru, alhali a lokacin ne ma yake isowa kasuwanninmu. Ga kuma haɗarin sabunta BIOS a laftof mai mataccen batir a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama: in ta yanke a tsakiyar aiki, bod ɗin na iya tafiya.

Na biyu suna cewa a sa togaciyar a kanel, domin mai na'ura ba ruwansa da wanda ya yi laifi, so yake ta yi aiki. Wannan ne ya fi yawa a aikace. Kuɗinsa shi ne jerin ba ya raguwa. Layin da aka sa saboda wata laftof shekara goma sha biyar da suka wuce ba mai iya cire shi, don ba wanda ke da irinta a hannu ya gwada, kuma dokar Torvalds ce cewa abin da ke aiki jiya kada sabon kanel ya karya shi. In aka faɗaɗa togaciya ta kama na'urorin da ba su da ciwon. In aka ƙuntata ta bar 'yan'uwan samfurin a waje. Shi ya sa ƙwararrun masu kula da kanel sukan fara da tambayar me Windows ke yi a nan da ba ta buƙatar jeri. In an gano, gyara ɗaya ya wadatar da samfura ɗari.

Na uku suna so a fitar da jerin daga kanel zuwa fayilolin bayanai da ake sabuntawa cikin sauƙi. An yi hakan ga maɓallan kibod na musamman ta hwdb, da faifan linzami ta libinput. Yana aiki, amma ga abin da zai iya jira har kwamfuta ta gama tashi ne kaɗai. Diski ko sikirin ba sa jira.

Akwai hanya ta huɗu da ba ra'ayin masana ba ce, dabarar shago ce: a rubuta wa kanel umarni a wurin tashi, irin su i8042.reset don kibod ko acpi_backlight=native don haske. Wajen gano ciwo suna da amfani ƙwarai. Matsalar ita ce kwafe su daga intanet ba tare da sanin aikinsu ba. Wanda ya sa pcie_aspm=off ya kashe hanyar tanadin wuta, batir zai riƙa saurin ƙarewa. Wanda ya sa acpi=off kuwa ya toshe bakin BIOS gaba ɗaya: alamar batir za ta ɓace, barci ya lalace, a wasu na'urorin har kula da zafi ya raunana. A Katsina, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da wannan ke nufi ga mai saye da mai gyara

Abu na farko zai ba wasu mamaki: tsufan tokumbo a nan riba ce. Laftof ɗin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook sun yi shekaru a hannun dubban masu amfani da Linux, an daɗe da gano bauɗiyarsu an rubuta. Wadda ta fi ba da wahala ita ce sabuwa fil mai araha da ta fito bayan kanel ɗin da ke kan filash, sai kuma marar suna. Sabon kanel yana fitowa duk bayan mako tara zuwa goma. Ubuntu 24.04 ta zo da 6.8, fitowarta ta baya-baya kuma suna zuwa da waɗanda suka fi shi sabunta. Mai gyaran da ke yawo da filash ɗin shekara uku yana jawo wa kansa ciwon da an riga an warkar.

Sai dai tokumbo tana da nata. Kafin ta iso daga Legas ko Kano, sau da yawa an canza mata katin Wi-Fi, wani lokaci har bod. Sunan da ke kan murfi ba shi kanel ke karantawa ba. In an sa bod ɗin wani samfurin, ko aka bar gurbin sunan ba a rubuta ba, togaciyar da aka tanada ba za ta kama ba. Don haka gwaji ya fi tambayar suna: Ubuntu da Mint suna tashi daga filash ba tare da taɓa diski ba. Minti goma sun isa a duba sifika da iyafis, Wi-Fi daga nesa, maɓallan haske, kamara, sannan a rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka. Wannan kafin a goge Windows, kafin ma a biya kuɗi in saye ake yi.

A wayoyi kuwa mai amfani ba shi da wannan zaɓin. Tecno da Infinix da Itel, kamar sauran wayoyin Android, kowace tana tafe da bishiyar na'urorinta da direbobin da aka gyara mata. Shi ya sa in aka yi wa waya filashin da fayil ɗin wani samfuri mai kama da ita, sai ta tashi da farin sikirin ko taɓawa ta daina aiki. Tun Android 12 Google ke ƙoƙarin raba kanel na bai-ɗaya da kayan kowane kamfani, amma bayanin allon yana nan a hannun mai ƙera wayar.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu gyara kai tsaye. Na'ura ba ta shiga jeri sai wani ya kai rahotonta, kuma samfurin da aka fi sayarwa a Afirka da Asiya yana iya daɗewa bai faɗa hannun mai rubuta kanel ba. Abin da ake buƙata ba shi da yawa. Umarnin lspci -nn da lsusb suna fitar da lambobin kayan, dmidecode yana fitar da katin DMI, alsa-info.sh kuma yana tattara duk bayanin sauti. A matsala irin ta ɗalibar nan, mai gyara na iya buɗe hdajackretask, ya riƙa kunna ƙafafun da BIOS ta ce babu komai a kansu ɗaya bayan ɗaya har sifika ta yi magana. Lambar ƙafar da lambar bod ɗin su ne abin da masu kula da sauti a kanel ke nema, kuma facin da ke fitowa daga irin wannan rahoto sau da yawa layi ɗaya ne ko biyu.